Mai Riƙon Gorar Eriya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Alhaji Injiniya, babban masanin eriya na Kudan, Makarfi da Ikara baki ɗaya!

Albishirinku! A kasuwar Makarfi na ga wata eriya mai kama da tsani, har da ƙarfen ɗaure ta. Mai shagon na juya ta wajen Zariya sai hoto ya fito tar, har gumin 'yan dambe ana gani!

Don haka ina umartar Malam Sale na garin Taba, wanda na san yana saurare yanzu, ya saye ta. Tasa tsohuwa ce a kan gora, iska na kaɗawa hoto ya tafi. Sai a tura wani bawan Allah waje ya rungume gorar, ana ta ihu daga ɗaki: "Juya! Ya yi! Kai, kada ka motsa!" Kowa yana kallon dambe, shi yana kallon awaki.

To, Baba, a yi haƙuri, babu wani injiniya. Habunka ne, mai riƙon gorar. Don Allah ka sayo ta kafin Juma'a, ni ma in ga damben nan da idona!