Wa Ya Kashe Kifin Tekun Ƙungiyarmu?

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, Malam Abdulƙahar, limamai da dattawan Zongon Kwatano, 'yan biro, wato shugabannin ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi, baƙinmu da suka taso daga Godomey da Zogbo, iyayena mata da kuke zaune can baya inda aka saba ajiye mu, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ni ce Safina mai karfasa, ga wanda bai san ni ba. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake sai da na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. An tara mu yau domin a kori Zaituna daga ƙungiya, a raba ta da aikin kula da tankunanmu da ta riƙe shekara tara tana ciyar da marayu uku da shi. Laifinta, in ji farazidan ɗinmu, shugaban ƙungiya Alhaji Maishanu, wai ta goge akwatin gilashin nan da muka zuba kifin teku a ciki da jabel, ruwan nan mai ƙarfi na wanke fararen kaya, kifin teku shida da murjanin da aka kawo daga Legas suka mutu. To, ruwa ba ya tsami banza. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, ba mai musun cewa Alhaji gwanin tarwada ne. Tun da ya bar kasuwar shanu yake kiwonta, kuma kowa ya ci tasa ya yaba. Amma jama'a, tarwada fa! Kifin da in ka manta shi a kwata sati guda za ka tarar ya yi ƙiba. Wanda ya iya riƙon wannan, shi ne ya wayi gari yana ce mana teku ma ruwa ce, kifi ma kifi ne. Muka tafa masa, mu ma da namu wautar.

Na biyu, ga yadda aka yi. Akwatin ƙarami ne, zafin Kwatano kuwa kun san shi, ga fanka tana hura shi wuni guda. Duk bayan kwana biyu ruwan yakan sauka kamar yatsa biyu. Me gwani yake yi? Sai ya tura mai zemijan, ɗan acaɓa ke nan, bakin teku ya ciko bidon, wato jarka, ya cika akwatin taf, ya ja da baya yana shafa gemu. Sati bakwai yana haka. Iyayena mata, ku faɗa masa: in miya ta tsotse a kan wuta, me ake ƙara mata? Ruwa ake ƙarawa, domin ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan zaune bai je ko'ina ba. Yarinyar da ta fara koyon girki jiya ta san wannan. Shi kuwa Alhaji ruwa na tafiya yana ɗora gishiri a kan gishiri, har kifin nan suka koma kamar an jiƙa su za a yi banda.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai, an faɗa masa. A gabana Zaituna ta durƙusa ta ce masa ta ga gishiri yana daskarewa a bakin gilashi, kifin sun daina cin abinci, ko za a ƙara ruwan daɗi. Ga amsar da ta samu, kunnena ya ji: “Ke da aka ɗauka shara, ke za ki koya mini kifi?” Na tambayi wanda ya sayar da kifin, ya ce akwai ɗan ma'aunin gishiri a cikin kwalin. Yana nan a aljihun teburin ofishin biro, ko ledarsa ba a ɓare ba. Da kifi suka yi iyo ciki a sama, sai borin kunya ya tashi, aka waiwaya aka nemi wadda ba ta da miji ba ta da ɗan'uwa a biro. Wallahi na ji kunya, kuma na ji haushi.

Saboda haka ga roƙona. Kafin a zubar da ruwan akwatin na ɗebi kwalba guda, ga ta. Wannan ɗayar kuwa ruwan teku ne na safiyar yau. Duk mai niyyar ɗaga hannu a kori Zaituna, ya fito ya shinshina ko zai ji jabel, sannan ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana waccan, ya faɗa wa jama'a abin da harshensa ya ji. Alhaji, kai ne babba, kuma kai ne gwani, da kai za a fara. In kun sha kuka ce har yanzu ita ce, to ku rubuta sunana a ƙarƙashin nata, mu fita tare.

Allah ya raba mu da girman kan da ke hana tambaya. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin na ƙasa da su, ya tsare abincin marayu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Malam Abdulƙahar, a miƙo wa Alhaji kofi.

Na gode.