Gurbin da Ba a Cike Ba

A ɗakin jira na wani kamfani mai neman direba ɗaya tak, wani dattijo ya miƙa wa saurayin da ke gefensa takardar neman aiki.

"Ɗana, duba mini nan. Wannan *count against you* ɗin me yake nufi?"

"Cewa suka yi duk gurbin da ka bari ba ka cike ba zai zame maka cikas, Baba."

"Wato kora?"

"Ba kora ba. Amma in kuka yi kunnen doki da wani, shi za a ɗauka."

"Haka 'yata ta ce. Shi ya sa ban bar ko layi ɗaya ba."

"Tsaya, Baba. Akwatin nan na ƙasa ai na masu tantancewa ne. Me ka rubuta ciki?"

"Ya cancanta. Na kuma sa hannu."

"Ka ɗauki kanka aiki ke nan."

"To in goge ya koma gurbi? Kai ka ce gurbi cikas ne."

Saurayin ya sosa ƙeya. "Wallahi ni ma ka rikita ni."

"Mu ga taka. Af, ya ka tsallake layi na tara? Ba shi ne na haɗarin mota ba?"

"Katanga ce kawai, Baba. Kuma ba duka ta faɗi ba."

"In ka rubuta cikas, in ka bari cikas?"

Sakatariya ta leƙo ta ce na gaba ya shigo. Saurayin ya miƙe, ya sake zama.

"Baba, fara shiga. Bar mini bironka."