Motar da Mai Zare Ya Ƙi Saitawa Babu Mai Ita

Shugaban wannan taro, shugabannin ƙungiyar kanikawa, iyayenmu masu gareji, direbobi, da 'yan uwana mata da aka jera mana kujeru kusa da tsofaffin tayoyi, assalamu alaikum.

Na gode da kuka miƙa wa malamar makaranta lasifika a taron karrama bakanike. Ban san sifana ba, ban san noti ba, amma na san Mai Zare da ake karramawa yau, kuma abu biyu na zo faɗa a kansa.

Na farko, bawan Allahn nan yana da taurin kai. Bayan hatsarin da ya zaunar da maigidana a keken guragu, an sauya mana fasalin mota: aka cire kujerun baya, aka haɗa ƙarfen da keke ke hawa. Tun daga nan tayoyin baya suka yi gwame, sama ya shige ciki, ƙasa ya buɗe. Taya sabuwa fil, wata biyu bakinta na ciki ya cinye har waya ta fito. Gareji uku aka yi mana saiti, ba ta sauya zani ba. Ranar da taya ta fashe mana a hanyar asibiti, maigida ya ce a sayar da motar, shi ya gama fita. Wata bakwai bai leƙa ƙofar gida ba. Jama'a, na ji tsoro ƙwarai, domin ina kallon mutum mai barkwanci yana komawa shiru.

Na kai wa Mai Zare motar a ɓoye. Ya tsuguna, ya shafa taya, ya ce, "Malama, wa ke zama a bayan nan?" Na ce maigidana da kekensa. Ya ce, "To a kawo shi. In aka saita ta babu kowa, da nauyi ya hau saitin ya tashi." Na ce ba ya fita. Ya ce, "Ni ma ba na kwance noti." Na roƙa, na yi fushi, ko gezau.

Na biyu, ya san yadda ake kiran mutum. Ya karɓi wayata ya ce wa maigida, "Yallaɓai, ba gaisuwa na kira ba. Aikina ya tsaya cik, nauyinka nake jira."

Maigida ya zo yana mita. Aka shigar da shi bayan motar, Mai Zare ya ja zarensa daga tayar gaba zuwa ta baya, ya auna, ya shige ƙarƙashi, ya juya, ya sake aunawa. Can muka ji muryarsa: "Malama, rage masa abinci, juyi biyu na ƙara saboda shi!" Maigida ya tuntsire da dariya, ni kuwa na juya baya ina share hawaye.

Tayoyin sun miƙe, yau shekara biyu suna ci daidai. Amma Mai Zare ya ce dole a riƙa kawo motar da mai ita duk Asabar a duba saiti, kuma ba mu taɓa fashi ba. To ni malama ce, na bincika: babu motar da ake duba wa saiti duk mako. Mai Zare, na daɗe da gane ka, kuma ina roƙonka a gaban jama'a, kada ka daina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare hannuwanku duka, ya tsare duk wanda ya shiga ƙarƙashin mota, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.