Awarwaro Mai Zangarniyar Gero

A tashar Tsanyawa, Tahira maƙeriyar azurfa ta ƙura wa hannun wata tsohuwa ido.

"Inna, wa ya ƙera miki awarwaron nan mai zangarniyar gero?"

"Wata yarinya ce, tun ina amarya."

"Ai ni na ƙirƙiro zanen nan. Jiya na gama ƙera irinsa, ban nuna wa kowa ba."

"Ita ma haka ta ce." Tsohuwar ta kamo hannun Tahira ta juya. "Har wannan tabon ƙunar tana da shi."

"Tana ina yanzu?"

"Ranar da ta ba ni shi ta shiga motar Kano, ba ta isa ba. Ke ina za ki, 'yata?"

Tahira ta waiwaya ta dubi motar da za ta shiga. Ɗan kamasho yana ta kira, "Kano, saura mutum ɗaya."