Jarumar da Ba Ta Sha Iska Ba

Masu tara mutum-mutumin jarumai mata na sararin samaniya suna cewa wadda ba a buɗe kwalinta ba, ba ta tsufa. Tsohuwa Tsuruko ba ta yarda ba. A tashar jirgin ƙasa ta Nakano ta ga wani mutum rungume da irin kwalin.

"Ɗan nan, yaushe rabonka da taɓa ta?"

"Taɓawa, Kaka? Shekara goma sha huɗu ko iska ba ta sha ba! Tun 'yata tana ƙarama take roƙo, ina hanawa. Yau zan kai mata, sabuwa fil."

"To buɗe, kada ta riga ka gani."

"Ai darajarta za ta faɗi."

"Sayarwa 'yar taka za ta yi?"

Ya ɓare kwalin. Yatsansa ya manne a kumatun jarumar. Robar da aka hana iska ta yi gumi, ta zama danƙo.