Ciwon Da Aji Ɗaya Kawai Ya Sani

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da likitan da kuka gayyato yau. Ni ce Maman Bashiru daga Kaoje.

Malamin ajin autana Bashiru ya kira ni, ya ce yaron na da ciwon rashin natsuwa, ba ya zama wuri ɗaya. Nan take ya kwatanta mini rumfar ƙanensa a kasuwar Lolo, wai yana da ƙwayar da ake shigowa da ita daga Benin. Na je. Rubutun kwalin duk Faransanci ne, shi kansa mai rumfar bai iya karantawa ba. Can na iske wasu mata, duk iyayen 'yan ajin Bashiru. To, ciwon nan aji ɗaya kawai ya sani?

Na dawo ban saya ba, na kai yaron wurin kakansa masunci. Wallahi ya zauna gyaran koma tun hantsi har azahar, ko ruwa bai nema ba.

Likita, in ciwo ne da gaske, ku faɗa mini inda ake dubawa, zan kai shi. Amma ba zan ba ɗana ƙwayar da yaya ya gano ciwon, ƙanensa ya sayar ba.