Hannun da Ya Daina Gaisawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne, manomi daga Bunkure.

Tun da na karye a hannun dama a bakin kanal na noman rani, shekara biyu hannun yana zugi kamar wuta. Na daina miƙa shi a gaisa, har aka ce girman kai ne.

Likitan gashin ƙashi ya ce, "Baba, ciwon jijiya ne. Kullum ka tsoma hannun cikin ƙwaryar shinkafa, kana motsa yatsu." Na yi dariya, amma wata takwas ban fasa ba, wani lokacin har da hawaye.

Zugin bai tafi duka ba, amma jiya da hannun na dasa albasa. Masu zargina, ku tare ni ranar kasuwa, kowa sai mun yi musabaha!